Sandar Da Na Kafa A Bakin Kwamin Shanu

Aikin nan ya wahalar da ni, ba zan yi masa ado ba. Na hau fol da rana tsaka, na shiga silin da ɓeraye suka mayar gidansu, wuta ta ja ni sau nawa ban ƙirga ba, amma ban taɓa yin aikin da ya tsotse ni kamar na wata rijiyar burtsatse a ƙasar Gwandu ba. Abin haushin kuma, duk wahalar a kan noti ɗaya ce, kuma ni na ɗaure shi da hannuna.

Shekarun baya ne, lokacin gwiwoyina ba su fara wannan ƙarar ba. Ni mai wayarin ne, a Kalgo nake zaune, amma asalina Gwandu, can mahaifiyata take har yau. Boko aji huɗu na yi na gudu. Abin da na sani na aiki a hannun maigidana na koya, kuma shi mutum ne da zai yafe maka komai ban da abu ɗaya: ka bar ƙarfe babu at. At ita ce wayar da ake haɗa jikin inji da ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta bi can maimakon ta bi jikin mutum. Ana haƙa rami, a kafa sandar jan ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri, a jiƙa da ruwa, a ɗaure wayar a kai. Na sha mari a kan wannan tun ina saurayi. Har ya kai in na ga ƙarfe tsaye babu at sai in ji kumatuna na zafi.

To, wata ƙungiya ta haƙa burtsatse mai sola a wani ƙauye tsakanin Dalijan da Dodoru. Ƙauyen manoma ne, a bayansa kuma akwai rugar Fulani da suka daɗe a wurin, kakanninsu ma nan aka binne su. Mutanen gari suka ba da fili, mutanen ruga suka yi ta jigilar yashi da duwatsu, aka shirya cewa famfuna na kowa ne, sannan aka gina dogon kwami na siminti kusa da bakin rijiyar don shanu. Abokina, wanda muka tashi unguwa ɗaya a Gwandu, shi aka ba kula da injin. Shi ya ba da sunana aka kira ni wayarin.

Bari in faɗi yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Can ƙasa cikin rijiyar akwai sumo, injin da ke turo ruwa sama. Akwai ɗan ɗaki, kamar taku sittin daga bakin rijiyar, inda inbata take, ita ke karɓar wutar sola ta ba sumo. Sai kuma wani ɗan ƙarfe kamar ƙaramar tocila, sansa, da ake zurawa cikin rijiyar ya zauna saman sumo. Aikinsa ya ji nauyin ruwan da ke kansa, ya aiko da labari ɗaki, lamba ta fito a gilashi. Da safe lambar na nuna ashirin, wato mita ashirin na ruwa a kan sansar. In ta sauka zuwa uku, injin ya kashe kansa, don sumo in ya yi aiki babu ruwa ƙonewa yake. Wayar sansar nan ba irin ta gida ba ce. Siraran wayoyi ne a ciki, an lulluɓe su da wata saƙa ta ƙarfe kamar raga. Mu riga muke ce mata.

Injiniyan ƙungiyar ya zo daga Birnin Kebbi, yaro ne a kaina amma mai ladabi, ya bar min zane ya tafi. A zanen, rigar wayar an ɗaure ta da at a ɗaki kaɗai. Can bakin rijiya an bar ta haka nan, ba a haɗa ta da komai ba. Na duba, na sake dubawa, na ce a raina, ka ga yaran boko, mantuwa ya yi. Ban kira shi ba, don kada in kunyata shi. Na ɗauko wata sanda da ta rage min daga wani aiki, na haƙa rami tsakanin bakin rijiya da kwamin shanu, na zuba gawayi buhu guda da gishiri mudu biyu, na kafa ta. Na ɗaure murfin rijiyar a kai, na jawo rigar wayar sansa ita ma na ɗaure da noti, na matse sosai. Na tashi ina kaɗe hannu, ina jin na yi wa garin alheri, na kuma rufa wa injiniya asiri.

Wata biyu babu abin da ya faru. Lokacin tafkuna ba su ƙafe ba, shanu na sha a fadama, kwamin a bushe yake. Da bazara ta kama sosai, shanu suka dawo kwami, sai wayata ta fara ƙara.

“Kai, mutumina, injin ga na mutuwa da rana,” in ji abokina.

Na ce, “Mutuwa kamar yaya?”

“Da safe lahiya lau. Da shanu sun zo sun fara sha, lamba ta dinga sauka har uku, shi kashe kansa. Shi huta, shi tashi, shi sake mutuwa. Tanki ba ya cika, mata na nan da bokitai har la'asar.”

Daga Kalgo zuwa can a kan tsohon babur ɗina ba wasa ba ne. Na je sau biyar cikin mako uku. Na kwance kowane haɗi na sake ɗaurewa. Na wanke farantan sola da hannuna. Na kira injiniya, ya aiko da sabuwar sansa a motar haya, na canza, abin bai canza ba. Daga ƙarshe ya ce min ta waya wataƙila rijiyar ce ba ta da ƙarfi, ana jan ruwa fiye da yadda take kawowa. Maganar ta shiga hankali, don kowa ya san in sumo na ja, ruwa na sauka. Ni ma na yarda. Na faɗa wa abokina, shi kuma ya faɗa wa kwamitin rijiya, daga nan magana ta fita hannunmu.

Akwai wani mai lambun albasa a kwamitin, mutum mai murya, irin wanda in yana gaisuwa sai ka ɗauka faɗa yake. Shi ya fara cewa ai lissafin a fili yake: shanu sun zo, ruwa ya ƙare. Ya ce a gwada a gani. Maigari ya yarda, aka hana shanu kwami kwana uku. Ku ji abin da ya ɗaure min kai. A kwana ukun nan injin bai mutu ko sau ɗaya ba. Lamba ta tsaya wajen sha bakwai, tanki ya cika har yana zuba. Shi ke nan, aka ce an gano. Aka sa ranar Asabar za a zauna a yanke magana, kuma kowa ya san abin da za a yanke: mutane su sha, shanu su nemi wani wuri.

Wani wurin kuwa shi ne ragowar ruwan fadama, tafiyar rabin yini ga dabbar da ta rame.

Ranar Laraba na je, an bar shanu su sha kafin zaman. Ina tsugune a ƙofar ɗakin inji sai ga Arɗon rugar, dattijo siriri, sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa, ya tsuguna kusa da ni yana kallon gilashin.

Can ya ce, “Mai wuta, kai ka haɗa wanga abu?”

Na ce, “Ni ne, Baffa.”

“Shi gilashin, yana ganin ruwa da idonsa?”

“Ba ya gani. Gaya masa ake.”

“To wa ke gaya mishi?”

Na nuna masa wayar. Ya bi ta da ido har bakin rijiya. Ya ce, “A kwana ukun ga da munka tai fadama, wata tsohuwar saniyata ta faɗi a hanya. Ba ta tashi ba.” Bai ɗaga murya ba, bai roƙe ni komai ba. Ya ce shi dai ya yi shekara sittin yana shayar da dabba, bai taɓa ganin rijiyar da garke ɗaya zai ƙafar kafin azahar kuma ta cika kafin a gama alwala ba. Ya miƙe ya bi shanunsa.

Ban koma Kalgo ba ranar, na sauka Gwandu wurin mahaifiyata. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, “Wa ya mutu?”

Na ce babu kowa, na ba ta labari sama-sama, don na ɗauka ba abin da za ta gane ba ne.

Ta ce, “Kai ka leƙa rijiyar?”

“Inna, burtsatse ce. Bakinta bai fi kwano ba. Ba a leƙawa.”

“Igiya ma ba ta shiga?”

Na ce ban gwada ba.

Ta ce, “Ubanka shekara talatin yana ginan rijiya, ban taɓa jin ya tambayi gilashi ko akwai ruwa ba. Kai ka yi mako uku kana zarya, ka ƙone kamar gawayi, ba ka jiƙa ko zare ba.” Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan tsohuwar adaka. Ta fito da igiyar awon mahaifina, siririya, ta auduga, da ƙulli a kowace gaba, da ɗan ƙarfe mai nauyi a baki. Ta ce, “Ka maido min ita.”

Kunya ta kama ni, amma na karɓa.

Alhamis da hantsi ina bakin rijiya. Abokina bai so ba. Ya ce in igiyar ta sarƙe da wayar sumo, mu biyu za mu bar garin da ƙafa. Na ce ya je ɗaki ya tsaya gaban gilashi, ya dinga ɗaga murya yana gaya min lamba. Akwai ƙaramar huda a murfin, ta nan na zura igiyar a hankali har ƙulli na ƙarshe. Na jawo. Gaba biyar ta ƙasa a jiƙe. Lamba sha takwas. Na shanya igiyar a kan katanga, ranar bazara ba ta ɓata lokaci, kafin shanu su iso ta bushe.

Shanu suka zo, aka buɗe wa kwami ruwa. Wanda bai taɓa tsayawa wurin shan shanu ba bai san yadda wurin ke zama ba. Suna turereniya, ruwa na fantsama, suna fitsari, suna tattakawa. Kafin wani lokaci duk wurin ya zama taɓo, har inda nake tsaye. Abokina ya fara kira daga ɗaki: “Sha huɗu.” Can, “Goma.” Can, “Bakwai.” Da ya ce biyar na sake zura igiya har ƙulli na ƙarshe, na jawo.

Gaba huɗu a jiƙe, har da ɗan ɗori.

In da gilashin gaskiya yake faɗa, da igiyar ta fito a bushe ƙarau, don ya ce ruwa ya sauka fiye da gaba bakwai. Ruwa kuwa ko gaba ɗaya cikakkiya bai sauka ba. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙiyar igiya a tsakiyar shanu, na ce, to, rijiya ba ta da laifi, shanu ba su da laifi, wani ne ke yi wa gilashi ƙarya tsakanin nan da ɗaki.

Injin ya mutu, ya huta, ya sake tashi. Na ce bari in fitar da sansar gaba ɗaya in duba. Silifas ɗina sun maƙale a taɓo, na cire su na ajiye, abin da kullum nake hana mutane. Na durƙusa gaban sandar da na kafa, na sa sifana na kwance notin da ya riƙe rigar waya. Ina zare rigar daga sandar sai na ji wani ɗan tsami a yatsuna, kamar cizon tururuwa. Ba mai yawa ba, amma mai wayarin ya san wannan cizon. Kafin in gama mamaki abokina ya ƙwala min kira daga ɗaki.

“Mi ka taɓa? Ta koma sha bakwai.”

Na mayar da rigar kan sandar. Ya ce, “Tana sauka.” Na ɗage. “Ta hau.” Na yi haka sau huɗu kamar mai wasa, shanu na kallona. Na sa takalmi, na ɗauko mitata ta gwaji, na sa baki ɗaya a rigar, ɗaya a sandar. Ga wuta nan tana nunawa, 'yar kaɗan, a wurin da bai kamata a sami komai ba.

Na kira injiniya na gaya masa. Ya ce, “Baba, wace sanda ce a bakin rijiya? Ban zana sanda a can ba.”

Na ce, “Ni na ƙara. Na ɗauka mantuwa ka yi.”

Na ji ya ja numfashi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya yi min bayani, ni kuma ga yadda na fahimta da kaina irin na aji huɗu. Inbata da sumo in suna aiki, kullum akwai 'yar wutar da ke tsiyaya ta shiga ƙasa, kuma tana neman hanyar komawa ɗaki inda ta fito. Ƙasar bakin rijiya da ƙasar ɗaki ba ɗaya ba ne, ko da ido na ganin duk ƙasa ce. Da na ɗaure rigar a can kuma na ɗaure a nan, sai na shimfiɗa wa wannan ɓatacciyar wuta titi. In wurin a bushe yake, yashi ba ya ba ta hanyar hawa sandata sosai. Da shanu sun jiƙa wurin, ga gishirina mudu biyu na jira a rami, sai ƙofa ta buɗe, ta hau rigar ta nufi ɗaki. Saƙon sansa kuwa ɗan mitsitsi ne, kamar raɗa. Wutar nan ta bi ta kansa ta dagula shi, gilashi ya karanta abin da ba shi ne ba. Shi ya sa ake ɗaure rigar a gefe ɗaya tak, ta kare saƙon amma kada ta zama hanya.

Wato shanu na da hannu, amma ba da bakinsu ba. Da ƙafafunsu ne da fitsarinsu, da kuma alherin da na yi wa gari.

Na zauna a inuwar ɗaki na gaya wa abokina komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya daina, don ya tuna shi ya kawo ni.

Ya ce, “To ka naɗe ta da tef mu yi shiru. Mu ce sabuwar sansa ce ta zauna daidai. Wa zai sani?”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so hakan. Mai wayarin da sunansa yake ci. In aka ji a ƙauyukan nan cewa ni na hana gari ruwa mako uku, wa zai sake kira na ko sa ƙwan fitila? Amma na yi ta juya abin, ya ƙi zama. Mutanen nan sun ga kwana uku babu shanu, ruwa ya wadata. Wannan sun gani da idonsu. In na gyara a ɓoye, ranar Asabar za su hana shanu, injin ya yi ta aiki lafiya, su ce ka gani, da ma mun faɗa. Ba wanda zai sake buɗe kwamin nan. Gyaran da na yi a ɓoye shi zai zama shaidar da za a kori mutanen ruga da ita.

Na ce wa abokina, “Ranar Asabar zan mayar da notin.”

Ya ce, “Ka haukace.”

Na ce, “Wataƙila. Ka gaya wa Arɗo ya riƙe shanunsa bayan gari, kada su matso sai na aika.”

Asabar aka taru ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da rijiya, maigari a kan kujera, sauran a tabarmi, Arɗo da mutanensa uku a gefe guda. Mai albasa ya riga ya fara jawabi tun kafin a buɗe da addu'a. Na bari aka yi addu'a, na matsa na durƙusa.

Na ce, “Ranka shi daɗe, kafin a yanke, ina roƙon a ba ni lokaci kaɗan a bakin rijiya. Akwai abin da nake so a gani.”

Mai albasa ya ce, “Mun gani tun makon jiya.”

Maigari ya ce, “Mu ƙara gani. Ido ba ya ƙarewa don an duba sau biyu.”

Tun da safe na riga na mayar da rigar kan sandar. Wurin a bushe, injin na aiki, lamba sha bakwai. Na roƙi maigari ya sa mutum biyu da ya yarda da su su tsaya gaban gilashi tare da abokina. Sannan na cika jarka shida a famfo, na jera su gaban mai albasa.

Na ce, “Alhaji, akwai saniya a nan?”

Ya ce, “Sai dai kai.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, “To don Allah kai za ka zuba ruwan nan da hannunka, a gindin wannan sandar. In ni na zuba za a ce na yi wani siddabaru.”

Ya tattare babbar riga yana gunaguni, ya dinga tuttulawa. Jarka ta uku, ta huɗu. Ruwa ya tsaya ya nutse. Mutane suka fara hira, wani ya ce rana na yi. Ni kuwa ina cewa a raina in abin nan ya ƙi yau, na kashe kaina a banza. Ya juye ta shida. Sai muka ji daga ɗaki: “Sha biyar.” Hira ta tsaya. “Sha ɗaya.” “Takwas.”

Da aka ce biyar na zura igiyar mahaifina, na jawo, na miƙa wa maigari jiƙaƙƙen gefen ya taɓa da hannunsa. Wani tsoho a wurin ya gane ƙullin, ya ce wannan awon maginan rijiya ne na da. Ana cikin haka injin ya mutu, ruwan da ke zuba a tanki ya ɗauke.

Na ce, “Ranka shi daɗe, ga ruwa a rijiya, ka taɓa. Ga inji ya ce babu. Kuma saniya mafi kusa tana bayan gari.”

Na durƙusa na kwance notin, na zare rigar, na naɗe bakinta da tef. Abokina ya tayar da inji. Sha bakwai. Na ce a kira shanu. Suka zo da ƙishirwar rabin yini, suka yi abin da suka saba, suka mayar da wurin taɓo. Mutum biyun nan na gaban gilashi, ana tambayarsu suna amsawa. Sha bakwai. Sha shida. Sha bakwai. Har garke na ƙarshe ya ɗaga kai.

Maigari ya daɗe yana kallon sandar. Ya ce, “Wa yak kafa wanga ƙarfe nan?”

Abokina ya sunkuyar da kai. Na ce, “Ni ne, ranka shi daɗe. Injiniya bai sa ta a zane ba. Ni na ga kamar na fi shi sani.”

Mai albasa ya ce, “Ashe kai ka shanye muna ruwa. Mu muna ta zagin shanu.”

Na ce, “Ni ne, Alhaji. Amma yau kai ka taya ni.”

Aka sake dariya, wannan karon har mutanen ruga. Maigari ya ce to babu sauran abin yankewa, kwami na nan yadda aka shirya tun farko. Ya juya wurin Arɗo ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni ma na je na tsuguna gabansa, na ce saniyar da ta faɗi a hanya, sandata ce ta kashe ta. Ya dube ni, ya dubi garken.

Ya ce, “Waccan ta tafi, mai wuta. Waɗanga sun sha.”

Kafin in bar garin na jawo waya mai kauri na haɗa sandunan biyu, tawa da ta at ɗin ɗaki, kai tsaye, yadda injiniya ya ce, don murfin rijiya ya zauna da at ɗinsa, ɓatacciyar wuta kuma ta sami hanyarta daban, ta bar rigar sansa ta huta. Maigidana bai koya min ƙarya ba. Jikin inji a ba shi at, ran mutum ya fi komai. Abin da bai sani ba, don a zamaninsa babu irin waɗannan na'urori, shi ne wayar da ke ɗauke da awo ba a yi mata gindi biyu.

Har yau in na bi ta ƙauyukan nan akwai masu ce min mai sanda biyu. Ina amsawa. Wasu ayyuka sun wuce ni saboda labarin, wasu kuma saboda labarin aka kira ni, ban tsaya auna wanne ya fi yawa ba. Na yi wayarin gidaje masu bene a Birnin Kebbi, babu wanda nake tunawa. Amma in na gaji, in bayana ya riƙe, in na fara tambayar kaina me na tsinana a wannan sana'a, abin da ke zuwa min shi ne ranar da na mayar da kuskurena da hannuna, na tara gari guda su kalla. Mutum mai aji huɗu, da igiyar ubansa. Ina alfahari da wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar Asabar ɗin nan a Gwandu na sauka. Na miƙa wa mahaifiyata igiyar, ta shafa ta ji da sauran danshi, ta ce, “To, yanzu ka yi aiki.” Ta mayar min da ita ta ce adaka ba ta da rijiya.

Washegari da safe na ɗaure igiyar a bayan babur, na sa sifana da tef a aljihu, na nufi Malisa. Akwai wata burtsatse a can da na yi wa wayarin bayan waccan da wata ɗaya, kuma na san abin da na kafa a bakinta. Ba wanda ya kira ni. Mai gadin wurin ya taso yana tambaya me ya lalace.

Na ce, “Babu komai tukuna.”

Na durƙusa na kwance notin.